Kwamitin P5 da aikin DUNE: yadda Amurka ta jera manyan ayyukan binciken ƙwayoyin asali

A ranar 30 ga Satumba 2011 aka kashe Tevatron, na'urar gwara ƙwayoyi mai zagayen kilomita 6.3 da ke cibiyar Fermilab a jihar Illinois. Da ita aka gano kwak mafi nauyi, ɗaya daga cikin ƙwayoyin asali, a 1995, kuma ta shafe sama da shekara 20 babu wadda ta kai ta ƙarfi a duniya. Wata tara da rufe ta, ranar 4 ga Yuli 2012, cibiyar CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa ta sanar da gano ƙwayar Higgs, wadda ke da alaƙa da yadda ƙwayoyi ke samun nauyi, a na'urarta LHC mai zagayen kilomita 27. Jagorancin fannin ya koma Turai ke nan.

Abin da ya rage a hannun masana fiziks na Amurka shi ne tarin shawarwari da kasafin da bai kai ba. Ma'aikatar Makamashi, wadda ke ɗauke da mafi yawan nauyin fannin, tana ware masa kusan dala miliyan 800 a shekara a lokacin. Daga cikin kuɗin nan ake biyan masu bincike da ɗalibai, a biya wutar da na'urori ke sha, a kuma yi duk wani sabon gini. Babban aiki guda yakan ci dala biliyan ɗaya ko fiye, ya ɗauki shekara 15 zuwa 20 daga zane zuwa sakamakon farko. Idan aka zaɓi aikin da bai dace ba, tsara guda ta masu bincike ce za ta tsufa a kansa.

Tabon 1993 ma bai goge ba. A Oktoban shekarar majalisar dokokin Amurka ta soke na'urar SSC da ake ginawa a Waxahachie ta jihar Texas, mai zagayen kilomita 87, bayan an kashe kusan dala biliyan 2 an kuma haƙa sama da kilomita 20 na rami. An fara da ƙiyasin dala biliyan 4.4, aka wayi gari ana maganar sama da biliyan 10, ga shi ba a sami wata babbar ƙasa da ta ɗauki wani kaso mai tsoka ba. Duk wanda ya zauna tsara makomar fannin bayan haka yana da wannan ramin a zuciyarsa.

Taron kowa da kowa, sannan ɗakin mutum kaɗan

Amurka tana raba aikin gida biyu. Matakin farko shi ne Snowmass, wanda ya samo sunansa daga wani gari a duwatsun Colorado inda aka fara yin taron a 1982. Sashen ƙwayoyi na Ƙungiyar Masana Fiziks ta Amurka ne ke shirya shi. Kowa na iya kawo takarda, daga shehun malami har ɗalibin digiri na uku, kuma ana shafe shekara ɗaya ko biyu ana muhawara kafin babban zama. Na 2013 a Minneapolis aka kammala shi. Ƙa'idar Snowmass ita ce ba ya jera ayyuka, ba ya kuma duba aljihu. Aikinsa ya faɗi abin da za a iya aunawa, da wace na'ura, zuwa wane mizani.

Mataki na biyu shi ne kwamitin da ake kira P5, mutum ashirin da 'yan kai zuwa talatin, har da masana daga Turai da Asiya. A 2014 da 2023 yana ƙarƙashin HEPAP ne, majalisar da ke ba Ma'aikatar Makamashi da Gidauniyar Kimiyya ta Ƙasa shawara a lokacin. Hukumomin biyu ne ke rubuta masa takardar umarni: ya fitar da tsarin shekara 10, yana hangen shekara 20, a cikin iyakar kuɗin da aka gindaya masa. Na 2014 Steve Ritz na Jami'ar California a Santa Cruz ne ya shugabance shi, kuma a watan Mayu ya miƙa rahoto.

Raba matakan nan biyu yana da hikima. Da babban taro ne ke yanke hukunci, da yawan kai zai yi nasara, domin gwaje-gwajen ATLAS da CMS na LHC kowanne yana da masana kusan 3,000, alhali gwajin neman ɓoyayyen abu na sararin samaniya, wanda ba a ganinsa sai dai tasirin nauyinsa, bai wuce mutum ɗari biyu ko uku ba. Da kuma ƙaramin kwamiti ne ya fara ba tare da taron ba, waɗanda aka ƙi aikinsu za su ce ba a saurare su ba, su nufi Washington kowa da kokensa. Abin da 'yan majalisa suka daɗe suna kuka da shi ke nan game da wannan fanni.

Kuɗin da aka ce a yi lissafi da shi

An ba kwamitin 2014 hasashen kasafi uku. A na farko kuɗi zai tsaya cak shekara uku, sannan ya riƙa ƙaruwa da kashi 2 cikin 100 a shekara. A na biyu zai tsaya shekara uku daga wani mataki da ya ɗan ɗara, sannan ya ƙaru da kashi 3. Na uku babu iyaka. Tsayawa cak raguwa ce a ɓoye: idan farashi yana hawa da kashi 2 zuwa 3, shekara uku sun ci kashi 6 zuwa 9 na abin da kuɗin ke iya saya. Tazarar hasashe na farko da na biyu a tsawon shekara 10 ba ta wuce kusan dala rabin biliyan ba, amma a cikin wannan 'yar tazara ne wasu ayyuka ke rayuwa ko su mutu. DESI, na'urar auna nisan miliyoyin tarin taurari, na cikin waɗanda kwamitin ya ce sai a hasashe na biyu za a iya.

Kwamitin ya fitar da manyan tambayoyi biyar: amfani da Higgs wajen gano sabon abu, asalin nauyin nutirino (ƙwaya marar caji da ke ratsa kusan komai), ɓoyayyen abu, dalilin da faɗaɗar sararin samaniya ke ƙara sauri, da neman ƙwayoyin da ba a sani ba. Ya ƙi ya ce wannan tambaya ta fi waccan. Abin da ya jera shi ne ayyukan gini, kuma a kan lokaci ya jera su. Dalili kuwa, kuɗin da kowane babban aiki ke ci yana farawa kaɗan a shekarun zane, ya yi tozo a shekara uku ko huɗu na tsakiyar gini, sannan ya sauka. Kason gini a kasafin kamar adashi yake, ba a kwasa biyu a zagaye ɗaya, don haka tambayar ita ce wa zai fara kwasa, wa zai jira. Kwamitin ya nemi a ɗaga kason gini zuwa kashi 20 zuwa 25 na kasafi, ya sa gyaran LHC a gaba domin CERN ce ke riƙe da jadawalinsa ba za ta jira kowa ba, sannan ya sa tozon aikin nutirino ya biyo baya.

Aikin da aka mayar wa masu shi

A nan ne kwamitin ya yi abin da ya sa har yau ake misali da shi. Akwai wani aiki a kan tebur mai suna LBNE: a harba kwararar nutirino daga Fermilab ta cikin ƙasa, tafiyar kilomita 1,300, zuwa tsohuwar mahaƙar zinari ta Homestake da ke garin Lead a Dakota ta Kudu. A mahaƙar nan ne Ray Davis ya kama nutirinon rana, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2002. Nutirino iri uku ne, kuma yana rikiɗa daga wani iri zuwa wani a kan hanya. Abin da ake son sani shi ne ko nutirino da kishiyarsa, wato takwaransa mai akasin siffofinsa, suna rikiɗa daidai wa daida. Idan akwai bambanci, zai iya zama wani ɓangare na amsar dalilin da abu ya wanzu a sararin samaniya kishiyarsa ya ɓace. A Maris 2012 gwajin Daya Bay a Sin ya auna kusurwar rikiɗa ta ƙarshe da ta rage, ya tarar tana da girma, wanda ya nuna cewa ana iya kai wa ga wannan bambanci da na'urorin zamanin nan. Nisan kilomita 1,300 kuma yana da amfaninsa: doguwar tafiya a cikin dutse tana sauya rikiɗar ta yadda za a iya gane wane nutirino ne ya fi nauyi, a raba wannan tasiri da bambancin da ake nema.

Sai dai a 2012 Ma'aikatar Makamashi ta ce cikakken aikin ya fi ƙarfin aljihunta, a yi shi kashi-kashi. Kashin farko da aka amince da shi ya fito a rame: tan 10,000 na ruwan argon, a saman ƙasa, da kwararar kilowat 700, babu cikakkiyar na'urar aunawa a kusa da mafari.

Kwamitin P5 ya ɗauko awo guda ya gwada. Yawan nutirinon da za a kama ya dogara ne da abu uku da ake ninkawa: nauyin na'ura da dubun tan, ƙarfin kwarara da megawat, da shekarun aiki. Don a iya ganin bambancin nan a kashi 75 cikin 100 na ƙimomin da zai iya ɗauka, kwamitin ya ce ana bukatar ninkin ya kai wajen 600. Tan dubu 10 sau megawat 0.7 yana ba da 7 a shekara. A raba 600 da 7, a sami sama da shekara 80. Da tan dubu 40 da megawat 1.2 kuwa, 48 ne a shekara, wato shekara 12 da rabi. Lissafin bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba, kuma shi ya kashe tsohon tsarin.

Zaman na'urar a saman ƙasa matsala ce ta daban. Na'urar ruwan argon tana aiki ne da jan ilektiron: ƙwaya ta ratsa ruwan ta bar sawu, ƙarfin lantarki na bolt 500 a kowace santimita ya ja ilektiron ɗin tafiyar mita uku da rabi zuwa wayoyin karantawa. Tafiyar tana ɗaukar sama da kashi biyu cikin dubu na daƙiƙa. A saman ƙasa, ƙwayoyin miyuwon, 'yan uwan ilektiron masu nauyi, da ke zubowa daga sama suna ratsa kowace murabba'in santimita kusan sau ɗaya a minti, wanda a babbar na'ura ke nufin ɗaruruwan sawu a kan kowane hoto. Nutirinon Fermilab ana iya tsamo shi da ƙyar domin an san daƙiƙar da aka harbo shi. Nutirinon fashewar tauraro da ruɓewar furoton ba sa yin sallama, don haka a sama an yi asararsu gaba ɗaya. A zurfin kilomita ɗaya da rabi dutse yana rage miyuwon sau miliyoyi. Rashin na'urar kusa kuwa yana nufin ba a san ainihin abin da aka harba ba, kuma kuskuren ƙiyasin kwarara yakan kai kusan kashi 10 cikin 100, ga gwajin da ke bukatar a matse kuskuren zuwa kashi ɗaya ko biyu.

Hukuncin kwamitin shi ne a rushe haɗin gwiwar, a kafa sabo na ƙasa da ƙasa, Fermilab ta zama mai masauki. Ya gindaya sharuɗɗa da lambobi: na'ura a ƙarƙashin ƙasa, kogon da zai iya ɗaukar aƙalla tan dubu 40 na ruwan argon mai amfani, kwararar megawat 1.2 da za a iya ɗagawa, ninkin da zai kai 120 zuwa wajen 2035, da iya kama nutirinon fashewar tauraro. Aikin da bai cika waɗannan ba, kada a fara shi. Don samar da kwararar aka sa a gina PIP-II, sabuwar miƙaƙƙiyar na'urar ingiza furoton mai tsawon mita 215. A farkon 2015 aka kafa sabon haɗin gwiwar, mai suna DUNE.

Wasu kuma an ce musu a'a kai tsaye. Gwaje-gwajen ORKA da nuSTORM da aka ba da shawarar yi ba su sami shiga ba. Shirin binciken na'urar gwara miyuwon an ce a sake duba shi, a kuma tattauna da abokan hulɗa kan rufe gwajin MICE da ke Ingila da wuri. A riƙe wannan na ƙarshe, zai dawo.

Abin da ya yi kyau, da inda lissafi ya karkace

Ta fuskar siyasa tsarin ya ci nasara fiye da zato. Masana fiye da dubu biyu suka sa hannu a takardar goyon baya, har da waɗanda aka ƙi ayyukansu. 'Yan majalisa suka sami takarda guda da za su riƙe, suka riƙa ba da kuɗi sama da hasashe na biyu. Kasafin ya haura dala biliyan ɗaya a 2020, ya kai kusan biliyan 1.17 a 2023. Ƙasashen waje ma sun shigo. Birtaniya ta yi alkawarin fam miliyan 65 a 2017. Indiya da Italiya da Faransa da Poland sun ɗauki sassan PIP-II. CERN ta gina na'urorin gwaji guda biyu, ta ga sawun farko a 2018, ta kuma ɗauki nauyin manyan tankunan sanyi biyu.

Kuɗin gini ne ya kufce. A 2015 ƙiyasin kason Amurka bai kai dala biliyan 2 ba ko a iyakarsa ta sama. Zuwa 2023 ya wuce biliyan 3, kuma a kan rabin na'urar: tankuna biyu a maimakon huɗu.

Don gane yadda haka ta faru sai an san matakan amincewa na Ma'aikatar Makamashi, guda biyar, daga CD-0 zuwa CD-4. A na farko an yarda akwai bukata. A na biyu an zaɓi hanya an ba da ƙiyasi mai faɗi. Sai a na uku, CD-2, ake ɗaure farashi da jadawali, bayan zane ya nuna. Na huɗu izinin gini ne, na biyar kammalawa. Kwamitin P5 yana yanke hukunci ne a kan ayyukan da yawancinsu ba su kai CD-2 ba, wato a kan lambobin da masu aikin da kansu suka kawo tun zane yana ɗanye. Ga sabon tsarin nutirino ma abin ya fi haka, domin kwamitin ne ya ninka girman aikin, alhali babu wanda ya zana sabon girman dalla-dalla tukuna.

Sannan ga mahaƙar kanta. Duk abin da zai sauka ko ya hau sai ta ramin Ross, tsohon rami na shekarun 1930 da sai da aka sabunta ƙarafansa daga sama har ƙasa kafin a fara haƙa. An aza harsashi a Yuli 2017, amma sai a farkon 2024 aka gama fitar da dutse kusan tan 800,000, ana ɗaga shi sama ana tura shi ta bel zuwa wani tsohon rami a buɗe. Kowane tanki yana da tsawon sama da mita 60, zai riƙe tan 17,000 na argon a sanyin digiri 186 ƙasa da sifiri, kuma duk ƙarfen jikinsa sai an yanka shi daidai girman kejin da ke sauka. Ruwan ma sai ya yi tsabtar da iskar oksijin a cikinsa ba ta kai kashi 100 cikin tiriliyan ba, in ba haka ba ta haɗiye ilektiron kafin su isa wayoyi. Gudummawar ƙasashen waje kuma, kusan duka kayan aiki ne: sassan na'ura, tankuna, maganaɗisu. Babu ƙasar da ke aiko da kuɗin fasa dutse a Dakota, don haka ɓangaren da ya fi kumbura a wuyan mai masauki kaɗai ya faɗa. Jinkiri shi ma kuɗi ne, tun da ma'aikata suna karɓar albashi farashi kuma yana hawa.

A koma ga awon kwamitin. Tankuna biyu, tan dubu 20 mai amfani, sau megawat 1.2, ya ba da 24 a shekara. Sharaɗin 120 zai cika a shekara biyar, amma 600 sai shekara 25. Ga shi ba a sa ran kwararar za ta fara ba sai farkon shekarun 2030. A halin nan Japan ta amince da Hyper-Kamiokande a 2020, tankin ruwa mai tan kusan 260,000 a nisan kilomita 295 daga cibiyar J-PARC, yana neman bambancin nan guda. JUNO a Sin, mai tan 20,000, ya fara ɗaukar bayanai a Agusta 2025 yana neman jerin nauyin nutirino. DUNE yana da abin da su ba su da shi, musamman doguwar tafiya da kwarara mai faɗin ƙarfi, amma ɗaya daga cikin ma'aunan kwamitin 2014 shi ne dacewar lokaci, kuma a wannan ma'auni an yi asarar shekaru.

Akwai wata asarar da ba ta fitowa a jarida. Da gini ya kumbura, kason bincike na jami'o'i ne ya matse, wato kuɗin ɗalibai da masu nazarin ka'ida da ƙananan gwaje-gwaje.

Zagaye na biyu

Snowmass na gaba annobar korona ta jinkirta shi, aka kammala a Seattle a Yuli 2022. Sabon P5, ƙarƙashin Hitoshi Murayama na Berkeley da mataimakinsa Karsten Heeger na Yale, ya miƙa rahoto a Disamba 2023. An ga alamun darasi a cikinsa. Ya kafa ƙaramin kwamiti na ƙwararrun masu gudanar da manyan gine-gine don su binciki farashi da haɗarin kowane aiki, maimakon a karɓi lambar masu shi. Hasashen kasafi biyu aka ba shi, na ƙasa yana hawa da kashi 2 kacal, kuma ya rubuta a fili abin da za a yanke idan aka faɗa can.

Gaba da komai ya sa kammala abin da aka fara: gyaran LHC, kashin farko na DUNE da PIP-II, da cibiyar hangen taurari ta Vera Rubin a Chile. Sababbin ayyuka kuma ya jera su da lamba. CMB-S4 ne na ɗaya, tarin na'urorin hangen tsohon hasken da ya rage tun farkon sararin samaniya, a Chile da kuma tsakiyar Antatika. Na biyu kashi na biyu na DUNE, amma a sake masa fasali: a gaggauta ɗaga kwarara zuwa megawat 2.1, a ƙara tanki na uku, a inganta na'urar kusa, tanki na huɗu kuwa a tsaya a bincike tukuna. Hujjar tana cikin ninkin nan: 30 sau 2.1 ya ba da 63 a shekara, wato 600 a ƙasa da shekara 10, kuma ƙara saurin harbin na'urar da ake da ita ya fi cika sabon tanki araha. Na uku shiga masana'antar Higgs, wato na'urar samar da ƙwayar Higgs da yawa don nazarinta, da za a gina a waje. Na huɗu babban gwajin ɓoyayyen abu, na biyar faɗaɗa IceCube, na'urar kama nutirino da ke cikin ƙanƙarar Antatika. Ya kuma nemi dala miliyan 35 a shekara don ƙananan gwaje-gwaje da miliyan 15 don masu nazarin ka'ida a jami'o'i, domin ɗinke ɓarakar da ginin ya yi.

Wata biyar kacal bayan haka, a Mayu 2024, Gidauniyar Kimiyya ta ce ba za ta ci gaba da ɓangaren Antatika na CMB-S4 ba. Dalilin bai shafi kimiyya ba. Tashar da ke can tana bukatar gyara, wutar lantarki da wurin kwana sun yi kaɗan, kuma kaya da mai suna isa ne ta tsofaffin jiragen LC-130 masu sauka a kan ƙanƙara da ayarin taraktoci, a 'yan watannin da yanayi ke bari. Masu aikin suka koma zana tsarin Chile kaɗai. A Yuli 2025 hukumomin biyu suka sanar cewa sun janye daga aikin baki ɗaya. Aikin da P5 na 2014 ya goyi baya, masana taurari suka sa shi a tsarinsu na shekara goma, P5 na 2023 ya ba shi lamba ɗaya, ya mutu ba a aza tubali ba.

A nan rauni ne na tsarin kansa. Kwamitin ya san da matsalar Antatika, ya ma ambace ta, amma ya ɗauke ta a matsayin abin da za a roƙi hukuma ta gyara. Ofishin da ke kula da jirage da man tashar ba ya cikin masu karɓar umarni daga masana ƙwayoyi, yana da masu binciken ƙanƙara da yanayi da ke jiran kujera a jirgi ɗaya. Da an bi salon 2014, da an rubuta sharaɗi da lamba, tan nawa na kaya a shekara, kilowat nawa na wuta, aka kuma nemi amsar ofishin kafin a ba aikin matsayi, tare da ajiye tsarin Chile a gefe tun farko. Faɗaɗa IceCube ma a kan wannan igiya yake rataye.

Miyuwon ya dawo

Shirin miyuwon da aka rufe bayan rahoton 2014 shi ne ya zama babban burin 2023. MICE, kafin a naɗe shi, ya nuna a sakamakon da aka buga a 2020 cewa ana iya matse tarin miyuwon ta hanyar ratsa shi cikin ruwan haidirojin. Abin da ke jan hankali a miyuwon shi ne nauyinsa ya ninka na ilektiron sau 207. Ƙwaya mai caji tana zubar da ƙarfi idan tana zagaye, kuma asarar tana raguwa da nauyi ninki huɗu a jere, don haka miyuwon yana zubar da ƙasa da ilektiron kusan sau biliyan biyu. Zobe mai zagayen kilomita 10 zai iya kai ƙarfin TeV 10 (TeV ma'aunin ƙarfin gwara ƙwayoyi ne), kuma duka na'urar za ta iya shiga filin Fermilab. Matsalarsa rai: miyuwon yana ruɓewa cikin kashi 2.2 cikin miliyan na daƙiƙa. Gudu kusa da na haske yana tsawaita wannan zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a cikakken ƙarfi, amma sai an samar da shi, an matse shi, an ingiza shi kafin ya ƙare. Waɗanda suka ruɓe a hanya suna watsa ilektiron a kan maganaɗisu da na'urar aunawa, suna kuma fitar da siririyar kwararar nutirino da za ta ɓullo saman ƙasa a nesa, wadda sai an karkata ta ko an warwatsa ta.

Kwamitin bai ce a gina ba. Ya ce a zuba kuɗi a bincike da na'urar gwaji. Rahoton Cibiyoyin Kimiyya na Ƙasa na Yuni 2025, ƙarƙashin Maria Spiropulu da Michael Turner, wanda ke hangen shekara 40, ya ƙara gaba ya ce Amurka ta nemi zama mai masaukin irin wannan na'ura wajen tsakiyar ƙarni. Ko rufe shirin bayan rahoton 2014 kuskure ne? A kasafin lokacin da wuya a ce haka, domin wani abu dole ya fita. Amma ƙungiyar injiniyoyin da ta watse sai an sake tara ta, kuma a tsakanin nan CERN ce ta karɓi jagorancin haɗin gwiwar binciken.

Masana'antar Higgs kuwa ba a hannun Amurka hukuncinta yake ba. CERN ta fitar da rahoton yiwuwar FCC, sabuwar na'urar da take son ginawa, a ƙarshen Maris 2025: rami mai zagayen kusan kilomita 91, kashin farko na gwara ilektiron da kishiyarsa a kan kusan faran Suwizalan biliyan 15, kuma majalisar CERN tana sa ran yanke hukunci wajen 2028. Japan har yanzu ba ta ce za ta karɓi miƙaƙƙiyar na'urar ILC ba. P5 ya ƙiyasta gudummawar Amurka tsakanin dala biliyan 1 zuwa 3, ya bar ainihin adadin ga wani ƙaramin kwamiti da za a kafa kafin ƙarshen shekarun 2020. Kwamitin nan zai tarar da tozo uku suna neman shekaru ɗaya: kashi na biyu na DUNE, gudummawar Higgs, da na'urar gwajin miyuwon, kuma babu ko ɗaya cikinsu da ya kai CD-2.